Amyar Baba da Shinkafar Dutse

A Jidda aka haife ni, a unguwar Ammariyya na girma, kuma har na yi aure, mijina ya rasu, na dawo gidan iyayena, ban taɓa ganin ƙudan zuma da idona ba. Zuma dai na san ta a cikin kwalba, a kantin wani ɗan Yaman da ke bakin layinmu. Amma amya, wato gidan da ake saƙa wa ƙudan zuma don su shiga su zauna, ita kam na san ta fiye da yadda nake so. Tun ina ƙarama akwai guda ɗaure a jikin sanda a kusurwar saman soronmu, kuma babu komai a cikinta.

Ta Baba ce. Shi daga wani ƙauye na ƙasar Zazzau ya taso yana saurayi, ya biyo hanyar Sudan a ƙafa, a can ya auri Umma, suka tsallako teku suka yi aikin Hajji, daga nan zama ya kama su. Dako ya yi ta yi a tashar jiragen ruwa har gwiwoyinsa suka gaza. A ƙauyensu, in ji shi, mahaifinsa yana da amya a kan kowace ɗorawa ta gonarsu, in dare ya yi tsit daga ɗaki kana jin gunjinsu. Ni dai ban san ɗorawa ba. A unguwarmu a lokacin, in ka ga bishiya sai ka tsaya ka kalle ta.

Da bai samu ciyawar da ake saƙa amya da ita ba, sai ya saƙa tasa da ganyen dabino. Duk shekara in sanyi ya fara shigowa sai ya kwance ta, ya shafe ta da kashin shanu, ya shanya, ya turara cikinta da hayaƙi mai ƙamshi, ya mayar ya ɗaure. Haka ake kiran zuma a garinsu. Maƙwabta kuwa sun samu abin tsokana. In ya fito masallaci sai wani ya ce, "Alhaji, bana dai za mu lasa ko?" Shi kuma ya ce, "Da yardar Allah," ko a jikinsa. Ni ce kunyar take kamawa.

Lokacin da na dawo gida, yanar ido ta riga ta rufe masa gani, sai haske da duhu kawai yake bambancewa. Aikin amyar gaba ɗaya ya dawo kaina. Da safe ina wanki da guga a gidajen masu hali a unguwar Sharafiyya, hannuwana duk sun tsattsage da sabulu. In lokacin shafe amya ya zo, ni ce zan taka har Bani Malik, wanda a zamanin ƙauye ne ba kamar yanzu ba, in roƙi masu shanu su bar ni in kwasa a garwa, in ɗauko a ka in ratso gari da shi. Sannan kullum bayan la'asar sai na hau da Baba sama. Matakalarmu matsattsiya ce, a miƙe take, shi kuma mutum ne mai jiki. Sai ya ɗora hannunsa a kafaɗata ya sakar mini nauyinsa duka, mu riƙa hawa muna tsayawa, shi yana nishi ni ina nishi. In mun kai, sai ya zauna a gindin sandar ya karkata kunne.

Ba zan ɓoye ba, na tsani amyar nan. Sau da yawa ina hawa ina roƙon Allah a zuciyata ya aiko iska ta ɗauke ta ta jefa a teku. Amma bakina bai taɓa furtawa ba, saboda wata rana da ya ji ina tsaki ya ce da ni, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, haka yake kirana, "gida dai na san ba zan koma ba. Gona ta tafi, waɗanda na sani sun tafi. Ba abin da nake roƙo yanzu sai su shiga amyar nan sau ɗaya in ji da kunnena, kafin a kai ni." Mutum ya faɗa maka haka, me za ka ce masa? Sai na ci gaba da ba shi kafaɗa.

Yayana direban babbar mota ne, yana ɗauko kayan lambu daga Ɗa'ifa. Bayan an buɗe sabuwar hanyar nan da ta hau ta kan dutse, wata rana cikin sanyi ya ce zai tafi da Baba ya sha iska. Na yi murna har cikin raina, don kwana biyu kafaɗata za ta huta. Da suka dawo sai ga Baba kansa ba hula. Ya rungume ta a ƙirji da hannu biyu, da wani abu mai nauyi a ciki.

Yaya ya zube a tabarma yana ba Umma labari. "Wallahi ya Umma, muna cikin gangarowa ya ce in tsaya. Na ce Baba, nan ba wurin tsayawa ba ne, ƙasa rami ne. Ya ce shi dai in tsaya, ya ji su. Ni ban ji komai ba sai ƙarar inji. Na kashe mota, sai ga shi kuwa, nahal ne, ƙudan zuma, cike da jikin dutse. Na ce yalla mu tafi, ya ce ba inda za shi sai na ɓamɓaro masa abin da suke sha."

Baba ya buɗe hular a hankali. Guntun dutse ne kamar faɗin tafin hannu biyu, da tsaga a tsakiyarsa, wani ɗan tsiro ya cika tsagar ya zubo gefe, ga kuma wasu rassa da suka karye a hanya. Baba ya ce, "Laifina ne tun farko. Na gina musu ɗaki ban girka musu abinci ba. Uwata, duba ki gaya mini kamanninsa."

Na duƙa na duba. Tsayinsa bai kai ɗan yatsa ba. Ganyayensa ƙanana ne, a mulmule, sun kumbura kamar ƙwayar shinkafa dafaffiya, sun yi cincirindo a jikin kara. Launinsu kore ne mai toka-toka. Na matse guda, ya fashe da ruwa. Furannin da zumar ke sha duk sun kakkaɓe a mota, sai 'yan ƙulle-ƙulle a kan wasu rassan. Na faɗa masa duka, yana gyaɗa kai yana shafawa da yatsa.

Umma ta leƙo ta ce, "Wannan ai rijla ce." Rijla ganye ne mai kauri da muke zubawa a miyar adas, ɗan waken nan na Larabawa, Umma kuwa tun a Sudan ta saba da ita, duk tsiron da ta ga ganyensa da ruwa a ciki to a wurinta rijla ne. Na ce a'a, ganyen rijla a baje yake, bakinsa da faɗi, karanta ja ne yana bin ƙasa, wannan kuwa a dunƙule yake. Ta ce, "Ke da aka haifa jiya za ki koya mini rijla? Ta dutse ce, yunwa ce ta tsumbure ta." Ta tsinki guda ta tauna, ta yamutsa fuska ta tofar, amma ba ta janye maganarta ba. Tun da ba wanda ya san sunansa, Baba ya ce a kira shi shinkafar dutse.

Yanzu sai in faɗi yadda ruwa yake a wurinmu. Ɗan garuwa ne ke kawo mana daga famfon unguwa, kuma ba a zubar da ko ɗigo. Ruwan wanke shinkafa shi za a wanke kwano da shi, na wanke kwano a yayyafa a tsakar gida. Saboda haka a gidanmu ba wata girmamawa da ta wuce a ba ka ruwa mai kyau ba tare da an auna ba. Tsiron nan kuwa baƙo ne, baƙon da Baba ya ɗora duk burinsa a kai. Umma ta samo manyan gwangwanayen man girki guda biyu, ta cika su da ƙasa mai laushi da ta cuɗa da kashin awaki, muka yage rabin tsiron muka dasa, muka ajiye su a inuwa kada rana ta taɓa su. Safe da yamma ana shayar da su da ruwan sha. Ni ce mai hawa da butar. Abin da ya rage a jikin dutsen, da gwangwani ya ƙare kuma na gaji, sai na ɗora shi a kan katanga kusa da amya, na manta da shi.

Ba a jima ba na cikin gwangwani suka fara yin laushi. Ganyen ya koma rawaya, ya yi ruwa-ruwa, in ka taɓa sai ya zube. Umma ta ce ƙishi ne, a ƙara. Aka ƙara. Wata la'asar Baba ya sa yatsa a gwangwanin ya ɗago, ya shinshina, ya ce, "Ya ruɓe." A saukowa nauyinsa ya ninka a kafaɗata.

Washegari daga wurin wanki na tsinki reshe ɗaya daga na kan katanga, wanda ga mamakina yana nan garau, na ƙulle a bakin mayafi na shiga tsohon gari wurin wani dattijo mai sayar da saiwoyi da turare. Ya jujjuya shi ya ce, "Hayyul alam ne wannan, na kan dutse. Daga ina kika samo shi a wannan zafin, ya binti?" Na ba shi labari. Ya ce, "Kun ba shi moya?" wato ruwa. Na ce safe da yamma, har da taki. Ya yi dariya har rawaninsa na girgiza. "Halas, kun kashe shi. Ruwansa yana cikin ganyensa. Tsakuwa yake so da rana, da a ƙyale shi."

Na dawo na faɗa. Baba ya ce, "Inda na taɓa shi ai babu ƙasa, tsagar dutse ce kawai. Da hannuna na ji, amma ban yi tunani ba. Karamci ne ya kashe shi." Daga ranar ya kafa doka, kada wanda ya ƙara kai ruwa kusa da dutsen nan. Umma ta kasa jurewa. Ta ce, "Baƙo ya sauka a gidanka ka hana shi ruwa? Wannan wace irin rowa ce, malam?" Sai ta riƙa laɓaɓowa da ragowar ruwan alwala a buta. Baba ba ya gani amma yana jin takun silifas ɗinta, sai ya miƙa sandarsa ya tare hanya. Ni ina tsakiya, wannan ya kira ni shaida, wannan ta kira ni shaida, ga kayan guga na jirana a ƙasa. A ƙarshe katangar ce ta raba gardamar, don tsayinta ya fi ƙarfin hannun Umma.

Da sanyi ya fara ja da baya, bakin ganyen ya koma ja-ja. Na ce shi ke nan, wannan ma ya kama hanya, har na ji wani sauƙi a raina. Ashe rana ce ta rina shi. 'Yan ƙulle-ƙullen nan suka kumbura, wata safiya na hau shanya sai na tarar sun buɗe. Furanni ne farare ƙanana, kowanne bai fi farcen jariri ba, da kunnuwa shida masu tsini kamar tauraro, kowane kunne da siririn layi ja a bayansa. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu ina kallo har ruwansa ya jiƙa mini ƙafa.

Saman soronmu, a iya sanina, ba abin da ke zuwa sai ƙudaje da shirwa mai shawagi can sama. Amma cikin 'yan kwanaki dutsen nan ya tara jama'a. Tururuwa ce ta fara yin layi. Sai wani ɗan malam-buɗe-littafi shuɗi, ƙarami ƙwarai, da ban san akwai irinsa a Jidda ba. Sai wata tsaka ta tare a ƙarƙashin dutsen, ta leƙo da kai tana jiran rabonta, gwara kuma na sauka a katanga tana tsince abin da tsakar ta bari. Ban san inda duk suke ɓoye ba tsawon shekarun nan. Baba ya ce zuma da hantsi take fita, don haka hawan ya koma sau biyu, safe da la'asar. Ina isa Sharafiyya a makare, matar gidan tana yi mini faɗa da Larabci, ni ina ba ta haƙuri ina hamma.

Matsalar ita ce, ni ce idonsa, kuma ban san abin da nake nema ba. Ranar farko da na ga wani ƙwaro mai ratsin baƙi da rawaya a kan furen, na ƙwala ihu, "Baba, ga zuma!" Ya zabura har sandarsa ta faɗi. Ya karkata kunne, ya daɗe, sannan ya ce, "Tana tsayawa cik a iska, wuri ɗaya?" Na ce e. Ya koma ya jingina. "Ƙuda ne ya ari riga. Bar shi ya sha, shi ma bawan Allah ne." Sai ya koya mini. Ya ce zuma tana da gashi a jiki, ba ta wasa a iska, in ta sauka rarrafe take daga fure zuwa fure, kuma in na duba ƙafafunta na baya zan ga ta ɗaure ƙunshin gari a kowace.

Wata Jumma'a da hantsi, ba ni da wanki, muna zaune na fara gyangyaɗi. Sai na ji ya damƙi hannuna da ƙarfi. Ban ga komai ba tukuna, shi ya riga ya ji. Can sai ga ta, ta fi wancan ƙudan kauri, launin ƙasa-ƙasa, ta sauka ta kama aiki ba ta ko kallonmu. Na matsa na duba ƙafafun. Na ce, "Baba, da ƙunshi." Na ƙara matsawa ina kallo, ni da na tsani abin. Ya ce in ɗaga shi. Na tallafe shi ya miƙe, ya kai kunnensa dab da dutsen, hawaye na bin gemunsa, yana ta cewa, "Sannu da zuwa, sannu da hanya." Umma ta hau da gudu, karon farko da na ga ta yi shiru a saman nan.

A ranar ya sa na sake turara amyar. Washegari uku suka zo, bayan nan ma suka riƙa zuwa. Tsakanin dutsen da bakin amyar bai fi kamu ɗaya ba. Kullum sai ya tambaye ni, "Ta leƙa?" In ce a'a. "Ta zagaya ta?" A'a. Sai su sha, su ɗaure ƙunshinsu, su tashi su wuce ta gefenta. Na so in yi masa ƙarya, amma mutumin da ya ji su ta cikin ƙarar mota ba zan iya yi wa kunnensa wayo ba.

Furannin sun fara bushewa ranar da ya canza tambaya. Ya ce, "In sun tashi, ina suke nufa?" Na ce wajen Sharafiyya, inda sababbin gidajen nan masu lambu suke. "Dukkansu? Kullum?" Na ce kullum, hanya ɗaya. Ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa.

Ya ce, "Masu gida ne. Suna da sarkinsu a can, kiwo kawai suke zuwa. Amya sai taron da ya rasa wurin zama ne ke shigarta, su kuma ba za su sauka a kan furen da hula ɗaya ta ɗauko ba. Tun ina yaro na san haka, Uwata. Na dai ƙi sani ne." Ya share fuska da hannun riga. "Amma na ji su. Kwance ta."

Na ce, "Baba, a bar ta mana, me ta tsare?" Ni ce na faɗi haka, da bakina. Ya ce, "Kwance ta, na gaji." Igiyar ta bushe ta cije, sai da na sa haƙori. Da na sauko da ita na ji ba ta da nauyi ko kaɗan. Na ɗora masa a cinya, ya shafa ta daga baki har ƙarshe, ya sa hannu ciki ya laluba, ya fito da shi da ƙura. Sannan ya ce a ba Umma ta hura wuta da ita.

Da zafi ya shigo sosai, shinkafar dutse ta bushe ƙurmus, tsakar ma ta yi gaba. Baba ya yi shekaru bayan nan, yana cin abincinsa, ana kai shi masallaci, in maƙwabta sun tambayi zuma sai ya ce ya bar sana'ar. Amma bai sake cewa a hau da shi sama ba, ko sau ɗaya. Na samu hutun da na daɗe ina roƙo, kuma ban ji daɗinsa ba. Har ya rasu, in an sallame la'asar sai in tsinci kaina tsaye a gindin matakala, na karkata kafaɗa, ina jiran ya kira ni, shi kuwa yana zaune a ɗaki ya juya fuska bango.